Musayar Waƙa a Kan Dajin Yakuba Sawadogo

Malam Idi:
Fim ɗin 2010 kan Yakuba Sawadogo, manomin ƙauyen Gurga a yankin Yatenga da ke arewacin Burkina Faso, shi ya jawo waɗannan baitoci. Mai amsa ya amsa.

Fari ya sauka Yatenga, rijiyoyi na ƙafewa,
Gero ya bushe a tsaye, shanu suna faɗuwa.
Jama'a sun ɗaure kaya, garuruwa na watsewa,
Shi ko ya bar kasuwanci, ƙauye yake komawa.
Wajen 1980 ya ɗau fartanya, fako yake sarewa,
Ƙasar da ko ƙaya ta daina tsirowa.
Aka ce Yakuba ya zare, hankalinsa na gushewa,
Wa ke haƙa da rani, babu hadarin da ke tasowa?

Hajiya Rabi:
Malam, ka faɗi zargin, ba ka faɗi dabara ba,
Ramin shuka mai suna “zai” na kakanni ne, ba shi ya ƙago ba.
Ya faɗaɗa ya zurfafa, bai bar shi yadda yake ba,
Ya cusa taki a ciki, abin da ba a saba ba.
Gara ta biyo takin, shi ko bai kore ta ba,
Ta huda ƙasa ko'ina, ruwa bai kwanta a sama ba.
Ya jera duwatsu a gangare, ruwa bai kwashe ƙasa ba,
Irin itace ya tsiro cikin taki, bai tuge shi ba.
Ya shuka wasu tare da dawa, bai raba su ba.

Sani:
Hajiya, ina da ja, a bar ni in faɗi gaskiya,
Kadada kusan 40 ce dajin nan gaba ɗaya.
Masu fim na son gwarzo, su aza masa duniya,
Mu yi tafi mu watse, ba mai ɗaukar fartanya.

Malam Idi:
Ɗana Sani, ka auna dajin, ka manta ɗalibansa,
Tun 1984 yake tara manoma a ƙauyensa.
Sau biyu a shekara, kowa ya zo da irinsa,
A yi musaya, a ga rami, kowa ya kai garinsa.
A Tawa ta Nijar, ramin nan tassa ne sunansa,
Fako da yawa ya ba da gero ta dalilinsa.

Hajiya Rabi:
Abin da ke ci mini rai, Malam, ba fari ba ne,
Wutar da aka cinna wa dajin, aikin mutane ne.
Birnin Wahiguya ya faɗaɗo, aka ce dajin wurin gini ne,
Mai dashe ba shi da takarda, kamar shi baƙo ne.
Lambar yabo daga Suwidin a 2018, abin murna ne,
Shinge sai 2021, jinkirin mai yawa ne.
Disamba 2023 ya rasu, Allah jiƙansa, uba ne,
Itace iri fiye da 60, barinsu amana ne.

Sani:
Na karɓa, Baba Idi, amma a ba ni awon rami,
In an zo haƙa, kada a tsaya tambayar malami.

Malam Idi:
Faɗi kamar santimita 30, zurfi kusan rabinsa,
Ƙasar da ka fitar, tara ta a gangaren gefensa.
Taki cikin hannu biyu, tun rani ka ba shi rabonsa,
In ruwan farko ya sauka, sai ka jefa irinsa.