Neman shawara: na karanta littafin Civil War ya rikita min lissafi, daga ina zan kama?

Ɗan Dorayi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana littattafan zane na Marvel ku taimaka min da shawara. Ni ɗan kallo ne, tun daga Iron Man na 2008 nake bin fina-finan nan, amma littafin ban taɓa buɗewa ba sai kwanan nan da yayana ya aiko min da Civil War, wanda aka haɗa fitowa bakwai a kundi ɗaya. Na ɗauka labarin fim ɗin 2016 zan tarar, sai dai a ƙara ɗan gishiri. Ashe suna ne kawai ya zo ɗaya. Babu Legas, babu makircin Zemo, maganar Bucky, aminin Captain America, da iyayen Tony Stark (Iron Man) ma ko tasowa ba ta yi ba. Ga Spider-Man magidanci da matarsa, har ya tsaya gaban 'yan jarida ya tuɓe abin rufe fuskarsa ya ce shi ne Peter Parker. Ga Thor ya kashe mutum. Hulk kuwa ko ƙeyarsa ban gani ba.

Wani abokina a majalisarmu ya ce wai duk wanda fim kawai ya kalla bai san komai ba, littafi ne asali, kuma in ina son in gane sai na koma 1961 na faro daga can. To tambayata: da gaske sai na faro daga farko? Tsakanin fim da littafi wanne ne labarin gaskiya? Sannan me zan karanta bayan wannan? A duba min mai sauƙi, aljihun ba nauyi, data ma sai a hankali.

Tsohon Makaranci:
Wa alaikumus salam ƙanena. Abokin nan naka so yake ka tsufa a kan karatu. Fantastic Four na farko ya fito a 1961, Spider-Man a 1962, kuma daga lokacin zuwa yau kusan kowane wata sai an fitar da mujallu da dama, marubuta suna ta canjawa. Su kansu masu rubutawa a kamfanin ba duka suka karanta ba. Kar ka soma.

Abin da ya ruɗa ka shi ne Civil War ɗin Mark Millar da Steve McNiven, na 2006 zuwa 2007, tsakiyar zance ne. Wancan da ka gani ya kashe Goliath ba Thor ba ne. Thor na gaskiya ya ɓace tun 2004 bayan rugujewar Asgard, bai dawo ba sai 2007. Tony Stark da Reed Richards, jagoran Fantastic Four, ne da mutanensu suka ƙera na bogi daga silin gashin Thor da Tony ya daɗe da ajiyewa. Ka sake duba shafukan da suka biyo bayan kisan, an faɗa, sai dai a gurguje. Hulk kuma ba ya duniyar ma gaba ɗaya: su Tony da Reed da Doctor Strange da Black Bolt sun yaudare shi sun cilla shi sararin samaniya, jirgin ya faɗa wata duniya mai suna Sakaar, aka mai da shi bawa ɗan dambe. Wannan shi ne Planet Hulk na Greg Pak. In ka tuna filin dagar da Thor ya haɗu da Hulk a fim ɗin 2017, daga nan aka yago shi.

Batun wanne ne gaskiya kuwa, kamar tatsuniyar Gizo ce: a bakin wannan tsohuwa ya mutu a rijiya, gobe a bakin waccan ga shi yana cin gyaɗar sarki, kuma babu yaron da ke cewa an yi masa ƙarya. Ko a cikin littafin ma asalin ba ya tsayawa wuri ɗaya. A 1963 a Biyetnam aka kama Tony har ya ƙera sulkensa na farko. Da shekaru suka ja, lissafin ya ƙi fita, don da yanzu ya haura tamanin, sai aka matsar da abin. A Extremis na Warren Ellis, wajen 2005, Afghanistan aka ce, fim ɗin 2008 ma can ya bi. To wanne abokin naka zai kira asali?

Na Hannun Daman Tony:
Ni dai ra'ayina ba zai yi wa 'yan littafi daɗi ba: fim ɗin ya fi. A littafi an fara da hujja mai ƙarfi. 'Yan New Warriors, yara masu neman suna a talabijin, suka je kama Nitro a garin Stamford, ya tarwatsa unguwa kusa da makarantar firamare, mutum fiye da 600 suka mutu, da yara a ciki. Wa zai ce kar a yi dokar rajista bayan wannan? Akwai wurin da uwar wani yaro ta tare Tony bayan addu'ar mamatan ta tofa masa yawu a fuska. Daga nan ka san dalilinsa. Amma sai aka bi aka ɓata shi: ga Thor na bogi, ga kurkuku a wata duniya daban mai suna Negative Zone da ake zuba jarumai babu shari'a, ga ɗaukar 'yan ta'adda irin su Bullseye da Venom aiki su farauto abokansa. Mutumin da ya fara da gaskiya aka mai da shi bos ƙarfi da yaji.

A fim kuwa har ka tashi ba ka iya cewa ga mai laifi. Ƙasashe 117 sun sa hannu a yarjejeniyar Sokovia, Tony ya ce a bi, Steve Rogers, wato Captain America, ya ce in gwamnatocin suka tura mu inda bai dace ba fa? Kuma faɗan ƙarshe ba na doka ba ne, mutum ne ya ga bidiyon yadda aka kashe uwarsa a 1991, ga wanda ya kashe ta a tsaye kusa da shi, ga amininsa ya sani ya ɓoye. Wallahi ko ni ne sai an riƙe ni.

Maman Ikram:
Malam Na Tony, a yi dai adalci. Fim mutum goma sha biyu ya tara a filin jirgi, shida nan shida can, aka kira shi yaƙin basasa. A littafi ƙasa ce guda ta dare biyu, har gidan Fantastic Four sai da ya rabu, Sue ta bar wa mijinta Reed wasiƙa ta koma ɓangaren Captain America. Kuma ƙarshen littafin babu abin da ya kamo shi a fim. Steve ya kai Tony ƙasa, kwalkwalin ya fashe, ya ɗaga garkuwa zai ƙarasa, sai 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da ma'aikatan asibiti suka rufar masa suka riƙe shi. Ba jarumai ba, mutanen gari. Ya waiwaya ya ga yadda suka ragargaza birnin New York, ya cire hularsa ya miƙa hannu aka sa masa ankwa alhali ɓangarensa ne ke cin nasara. Wannan shafin kaɗai ya biya kuɗin littafin.

Ɗan Dorayi, kashedi ɗaya zan yi maka a kan Spider-Man. Bayyana fuskar nan da ya yi ita ta jawo Kingpin ya turo maharbi, harsashi ya sami Anti May, tsohuwar da ta rene shi. Har nan labari ya yi daɗi. Sai a ƙarshen 2007 aka yi One More Day, inda Peter da matarsa Mary Jane suka yi ciniki da Mephisto, shaiɗanin duniyar Marvel: ya raya tsohuwar, su kuma su ba shi aurensu, ya zama kamar ba a taɓa ɗaura shi ba. Auren da aka ɗaura tun 1987, shekara ashirin masu karatu suna biye da shi. Shugaban editocin lokacin, Joe Quesada, bai taɓa ɓoye cewa ya fi son Peter gwauro ba, kuma shi ya zana labarin da hannunsa. A ce jarumin da kullum wa'azinsa ɗaukar nauyi ne ya je ya ƙulla da shaiɗan don ya kauce wa sakamakon abin da ya aikata? Har yau ban huce ba. In ka kai Back in Black, labarin da ya zo kafin One More Day, ka tsaya nan.

Ɗan Dorayi:
Na gode ƙwarai, Anti. To amma shi ya sa a wasu sababbin da na leƙa babu wanda ya san Peter ne Spider-Man? Kuma wai da gaske Captain America ya mutu? Abokin nawa ya rantse min.

Sarkin Musu:
Ya mutu mana, an harbe shi a matakalar kotu a Captain America fitowa ta 25, watan Maris 2007, har manyan jaridun Amurka suka ɗauka. Bucky ya karɓi garkuwar. A 2009 kuma aka dawo da shi, wai ashe harsashin makale shi ya yi a cikin zamani. Hhhh. Kar ka yi wa kowa zaman makoki a Marvel in ba Kawu Ben na Peter ba.

Mantuwar kuma an yi bayaninta a 2010, cewa Doctor Strange ne da taimakon Tony da Reed suka shafe sirrin daga kan mutane. Ka ga inda No Way Home na 2021 ya samo dabararsa ke nan. Su dai sun yi wayo ba su sa shaiɗan ba.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a riƙa yin gargaɗi kafin a fasa ƙwai, akwai waɗanda ba su karanta ba. Sarkin Musu, kai nake nufi.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ne rabin amsar: kuɗi. Marvel ta faɗa fatara a ƙarshen 1996, a shekarun nan ne haƙƙin yin fim na manyan jarumanta ya watse a hannun wasu kamfanoni. X-Men da Fantastic Four suna wajen Fox, Spider-Man yana wajen Sony. Saboda haka a 2016 ko da sun so su bi littafi tiryan-tiryan ba hali, don Reed Richards, wanda kusan shi ne na biyun Tony a littafin, ba nasu ba ne. Spider-Man ɗin ma aro aka yi bayan sulhun da suka yi da Sony a 2015, shi ya sa ka gan shi ɗan sakandare an sako shi a tsakiyar fim. Sai a 2019 da Disney ta saye Fox sauran suka dawo gida. Kuma dokar rajista ba za ta yi ma'ana a fim ba tunda Tony ya tona kansa tun ƙarshen fim na farko, yawancinsu kowa ya san fuskarsu.

Haka Black Panther. A littafi yana tsakiyar wannan rikici ya auri Storm ta X-Men, a 2006, daga baya suka mara wa Captain America baya. A fim ga shi a layin Tony yana farautar Bucky. Legas ɗin da aka buɗe fim da ita ma a Atlanta aka ɗauka, duk wanda ya san Legas zai gane.

Sarkin Musu:
Sai dai ku bar cewa duniya biyu ce daban. A Doctor Strange na 2022 ƙarara aka kira duniyar fim 616, lambar duniyar littafi ke nan.

Tsohon Makaranci:
Lambar da littattafan bayanai na Marvel suka ba duniyar fim ita ce 199999, kuma a Across the Spider-Verse na 2023 Miguel, ɗaya daga cikin Spider-Man ɗin fim ɗin, da bakinsa ya ambace ta. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, an daɗe ana wannan musun, kuma ba zai ƙara wa Ɗan Dorayi komai ba. A duniya ɗaya dai Goliath ba zai mutu a hannun Thor na bogi ba sannan a ce ba a taɓa yin haka ba.

Ƙanena, ga yadda zan yi da a ce ni ne kai. Ka bi marubuci, kar ka bi lamba. Tunda Bucky ne ya ja hankalinka a fim, nemi Captain America na Ed Brubaker daga fitowa ta 1, wadda ta fara a ƙarshen 2004. Shi ne ya dawo da Bucky a matsayin Winter Soldier bayan an shafe shekara arba'in ana cewa ya mutu a yaƙin duniya na biyu, kuma labarin leƙen asiri ne da ba ya buƙatar ka san komai kafin shi. Kar ka yi tsalle zuwa ta 25 don an riga an faɗa maka abin da ke ciki. In ba ka san Sharon Carter da Red Skull na wannan zubin ba, harbin ba zai taɓa ka ba. Bayan nan Amazing Spider-Man daga 529 zuwa 538, a nan za ka ga yadda Tony ya ja Peter a jiki, ya ɗinka masa jan sulken nan mai ƙafafuwa, da abin da Peter ya gani a kurkukun har ya juya masa baya, wanda babban littafin ya wuce da sauri. Planet Hulk kuma ko yaushe ka ga dama, shi kaɗai yake tsaye.

In kuma Spider-Man kake so tun daga cizon gizo-gizo ba tare da kayan shekara sittin a ka ba, Ultimate Spider-Man na Brian Michael Bendis da Mark Bagley da ya fara a 2000 aka yi domin irinka. Duniyarsa daban ce, can ne ma Miles Morales ya fito a 2011.

Batun kuɗi: kundi ya fi sayen fitowa ɗaiɗai araha nesa ba kusa ba. Akwai kuma manhajar Marvel Unlimited ta biyan wata-wata, tana bari ka sauke wasu ka karanta ba tare da intanet ba, sai ka sauke lokacin da ka sami Wi-Fi. Sauran rassan Civil War, irin su Front Line da na Wolverine da na X-Men, bar su tukuna.

Maman Ikram:
Front Line kam kar a bar shi duka, Malam. Labarin Speedball, yaron da ya tsira daga Stamford aka ɗora masa laifin kowa, yana ciki, kuma ya fi rabin abin da ke babban littafin taɓa zuciya. Amma na yarda, Brubaker ne farko. Ɗan Dorayi, in ka gama kundi na ɗaya ka dawo ka faɗa mana, ina da tambayar da zan yi maka a kan Sharon.