Tankin ƙaramar tarakta: lita nawa take sha a awa?

Manomin Daura: Salamu alaikum. Tarakta mai ƙarfin doki 30, tanki lita 30, zai kai ta yini guda ana huɗa?

Bakanike Katsina: Wa alaikumus salam, Alhaji. A huɗa tana shan lita 4 zuwa 5 a awa, ka ga awa shida zuwa bakwai da rabi ke nan. Ka riƙe jarkar lita 25 a gona. Kada ka bari tankin ya ƙafe: iska za ta shiga famfon mai, sai an sassauta ƙusar filta an fitar da ita kafin taraktar ta tashi.

Direban Mashi: Gaskiya ne. A cika da yamma, don raɓa na taruwa cikin tankin da ba kowa. A zuba da mazurari mai rariya, a kashe inji tukuna. Ƙura da ruwa ke kashe injekta, wato abin da ke fesa mai cikin inji.