Sa ido ko bin sawu: me za mu kira tashar?

Mai tambaya, Zariya: Malamai, ana shirya darasin radiyo kan tashoshin soja da ke lura da taurarin ɗan adam, abin da Faransawa ke ce wa station de poursuite. An kawo "tashar sa ido". Ta yi?

Malamin lissafi, Bagalam: Ƙanena, ba ta yi ba. Sa ido aikin mai gadi ne, abin yana gabansa. Tauraron da ke ƙasa-ƙasa yana gudun kusan kilomita 8 a daƙiƙa, yana zaga duniya cikin minti 90, kuma tasha ɗaya ba ta ganinsa fiye da kamar minti goma. Sauran lokacin duk lissafi ne. Tasha takan auna kusurwa da nisa da sauyin muryar sigina, wadda ke siranta in yana tahowa, ta kaurara in ya wuce. Da wannan sauyin ne masana a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka gano hanyar Sputnik, tauraron ɗan adam na farko, a 1957. Ni "bin sawu" na zaɓa.

Mai gyaran radiyo, Babbar Kasuwa: Malam, gafara dai, sawu a baya yake. Ita kuwa eriya tun kafin ya ɓullo ake juya ta inda zai fito. Me ya hana "tashar tarba"?

Malamin lissafi: Tarba ta baƙo ce. Dubi maharbi a dajin Baban Rafi: ya durƙusa, ya ga zurfin kofato da tazarar taku, ya san inda dabba ta dosa, ya yanke ya riga ta. Aikin kwamfutocin farko ke nan. Cibiyar sojan saman Amurka ta Sunnyvale a da takan karɓi awo daga tashoshi irin na Hawai da Tule ta Greenland, ta zuba wa kwamfutar CDC 1604, wadda ƙwaƙwalwarta kalma 32,768 ce kacal, ta fitar da lokacin ɓullowa na gaba. In agogon tasha ya kuskure daƙiƙa ɗaya, an yi ɓatan kilomita 8. Sannan ƴar iskar da ta rage can sama tana jan tauraron, shi ya sa lissafi ke tsufa cikin kwanaki, sai an sake awo. Sawun jiya ba ya kai ka ga naman yau.

Hajiya mai fassara: Na bi bayan Malam. Abu ɗaya: kalmar "sawu" ita kaɗai ku bar wa bayanan hanyar tauraron, waɗanda ake rubutawa a layi biyu masu harafi 69 kowanne. An tsara su haka ne don su shiga katin kwamfutocin da, mai gurbi 80, wanda zan kira "kati mai huji". Har yau da tsarin ake aiki. A darasin ku ambaci Kano, inda NASA ta kafa tasha ta bi kumbon ɗan sama jannati John Glenn a 1962, amma ku faɗa ta farar hula ce.

Mai gyaran radiyo: Na janye tarba, Hajiya. Sai dai kar a ce wa eriyar "dishi" kawai, mutane za su ɗauka na kallon ƙwallo ne. "Faifan bin sawu" ya fi.

Mai tambaya: Madalla. Tashar bin sawu, faifan bin sawu, kati mai huji. Haka za su shiga darasin Asabar.