Abin nan na ƙarƙashin takalmin 'yan tseren keke, me za mu kira shi?

Jama'a dan Allah a ara min kalma. Ina ɗan rubutu kan gasar tirayatulon, wadda ake iyo a fito a hau keke a sauka a sheƙa da gudu duk a jere ba hutu, a Olamfik kilomita 1.5 ne a ruwa, 40 a keke, 10 a ƙafa, tun 2000 a Sidni aka sa ta. Komai ya tafi daidai har na zo kan takalmin keken, nan na cije.

Shi takalmin ma da sauƙi. Ba igiya, maɗauri ɗaya ne mai faɗi irin mai cewa ƙyarrr in an ɓare, ga ɗan madauki a diddige da za ka zura yatsa ka ja, ga ramuka a ƙasa don ruwa ya tsiyaye tunda daga iyo ka fito kuma yawanci ba safa. Ƙwararrun ma ba a ƙasa suke sa shi ba, tun kafin a fara sun maƙale shi a feda sun ɗaure da robar ɗaure kuɗi don kar ya kife, su turo keke ƙafa ba takalmi su yi tsalle su hau, sai keke ya ɗau gudu sannan su zura ƙafa. 

Matsalata ita ce cleat, ɗan farantin roba da ake ɗaurewa a tafin takalmin da sukuru uku, ka taka feda ya ce ƙas ya kulle, in za ka cire sai ka murɗa diddige waje.

Da na tambaya, wani bawan Allah ya ce a kira shi likkafa. Wallahi ta min daɗi a baki, amma Malam duba mana, likkafa zura ƙafa ake yi a cikinta. Ai tsohon yayi ne likkafa, ɗan kejin ƙarfe da ɗamarar fata da ake sa wa feda da. Kamfanin Look na Faransa ne ya zo da sabon salon feda mai kulle takalmi a 1984, daga maƙalin takalmin 'yan zamiyar ƙanƙara suka ɗauko dabarar, Bernard Hinault ya ci tseren Tour de France da shi a 1985 sai kowa ya bi. Kun ga abin da ya kori likkafa ba za a ba shi sunanta ba, a bar wa tsohon kayansa.

Masu cewa haƙori kamar na takalmin ƙwallo, a'a, wancan ƙasa yake cizo. Kwaɗo kuma sai an nemi makulli.

Sai Yayanmu ya shigo da kofato, na yi dariya har da hawaye don duk wanda ya ji mai wannan takalmin yana tafiya a kan siminti ƙwas ƙwas ƙwas yana ɗage yatsu sama ya san doki ne ya wuce. Amma Yaya a yi haƙuri, kofato sautin kawai ya kama, bai faɗi aikin ba, kuma shi cleat in ya cinye kwance shi ake a sa sabo.

Ni dai na tsaya a kan maƙali. Maƙalin feda, takalmi mai maƙali, "maƙalina ya cinye", "cire maƙali kafin ka tsaya". Wannan na ƙarshen da jikina na koye shi, ranar da na ari keken wani abokina na ja birki na manta ƙafata a kulle take, na tafi gefe a hankali kamar buhun gero mutane na kallo.

To maƙali zan rubuta. Yaya ya ce shi ko a gaban alƙali kofato zai ce.