Masu asma mai tsanani, gwajin jini na iya nuna ƙashi ya fara rauni?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman ƙarin haske. Mahaifiyata na da asma mai tsanani, inhela kaɗai baya riƙe ta, shi yasa ta daɗe akan ƙwayar prednisolone. Yanzu kullum kukan ciwon baya take kuma ni a idona har kamar ta rage tsawo. Likita yace ayi mata hoton ƙashi wai DEXA, toh amma an mata gwajin jini kwanan nan kuma kalsiyam ɗinta lafiya lau ya fito, shine nake cewa meye kuma amfanin hoton? Jinin bai isa ba?

Abu_Hanif:
Wa'alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya bawa Mama lafiya. Gaskiya bai isa ba, kar wannan sakamakon ya kwantar miki da hankali. Jiki baya yarda kalsiyam na jini ya sauka, da ya fara ƙasa akwai sinadarin PTH da zai je ya ciro daga ƙashi ya cike, kinga kenan jini zai fito daidai alhali ƙashin ne ke biyan bashin. Ita kuma prednisolone ta ko'ina take ci, tana rage aikin ƙwayoyin da ke gina sabon ƙashi, tana hana hanji tsotsar kalsiyam yadda ya kamata sannan wani ya riƙa fita ta fitsari, kuma ɓarnar tafi sauri a watannin farko. Wanda ya kai wata 3 yana sha kullum ya kamata a duba ƙashinsa, balle mace da jinin al'ada ya ɗauke mata.

DEXA ɗin ƙashin baya da na ƙugu ake aunawa, kwanciya kawai zatayi babu zafi. In lambar T, wato makin ƙarfin ƙashi da hoton ke bayarwa, ta fito -2.5 ko ƙasa da haka ƙashi yayi rauni sosai, tsakanin -1 da -2.5 ya fara.

Ummu_Sadiq:
Nikam maganar rage tsawon nan ce ta tsaya min a rai wlh. Ƙashin baya yana iya lotsawa a hankali mutum bai faɗi ba bai bugu ba, wasu ma ko zafi basa ji. Ki faɗawa likitan da bakinki, ƙila ya haɗa da hoton bayan.

Malam_Lab:
Akwai gwajin jinin da ya shafi ƙashi kai tsaye fa, ba kalsiyam kaɗai ba. P1NP da osteocalcin suna nuna yadda ake gina ƙashi, CTX kuma yadda yake zaizayewa, shi da safe ake ɗauka kafin aci komai saboda yana canzawa cikin yini. Mai shan prednisolone zaki ga osteocalcin ɗinsa ya faɗi da wuri. Amma su motsi suke nunawa, wato ana ginawa ko ana rushewa yanzu, basu faɗa miki nawa ya rage, wannan sai hoto. Sunfi amfani in an fara maganin ƙashi irin alendronate aga ko yana aiki. A duba bitamin D ma. Kuma masu shan wannan ƙwayar suna iya karyewa ko da lambar hoton bata yi muni sosai ba, don haka likita baya kallon lambar ita kaɗai.

Maman_Ilham:
Na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Toh ko ta daina ƙwayar ne kawai tunda ita ce matsalar?

Abu_Hanif:
A'a dan Allah kar ta daina farat ɗaya, yana da haɗari sosai, jikinta ya rage yin nasa sinadarin kotisol, wanda ƙwayar ke kwaikwayon aikinsa, saboda daɗewa akan maganin, a hankali likita ke ragewa. Inhelar ma kar ta ajiye, illarta ga ƙashi bata kai ta ƙwaya ba ko kusa kuma ita ke rage tashin ciwon da ke sa a koma ƙwayar. Abinda zaki tambaya shine adadin eosinophil (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini) na jininta da IgE (sinadarin garkuwar jiki mai alaƙa da alaji), su ake dubawa aga ko ta dace da allurai irin mepolizumab ko omalizumab, wasu dasu ake samu a rage musu ƙwayar. Sai dai prednisolone tana danne eosinophil ɗin, in kuna da tsofaffin sakamako na kafin ta fara sha ku tafi dasu.