Neman shawara: ƙanwata ta faɗa mini abin da wani Fada (limamin cocin Katolika) yake mata, ina zan kai ƙara?

Wata 'yar'uwa daga Sabon Garin Zariya (a sakaya sunana):
Salama gare ku. Ƙanwata shekararta 17, wata takwas ke nan tana gidan wasu sistoci, tana son zama sista. Da ta zo hutu ta ce Fadan da ke zuwa yi musu Mas (babbar sujadar Katolika) yakan kira ta ofis ita kaɗai, abin har ya wuce taɓa jiki. Ta gaya wa sistar da ke lura da su, aka ce ta yi addu'a ta ja bakinta. Fadan ba na dayosis (yankin coci da ke ƙarƙashin Bishop) ba ne, ɗan wata ƙungiyar limamai ne. Babanmu ya ce kada a tona wa coci asiri. Daga ina zan fara?

Maman Rahila, nas:
'Yata, asibiti tukuna, kuma kada yarinyar ta koma gidan nan. Ku je Cibiyar Salama da ke Asibitin Gambo Sawaba, Ƙofar Gayan, kyauta ake duba waɗanda aka yi wa fyaɗe. Idan na ƙarshe bai wuce awa 72 ba, akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ake sha kwana 28. Ko ya wuce ku je, a yi gwajin ciki da na cututtuka, likita ya rubuta rahoto. Kayan da ta sa, in ba a wanke ba, a sa su a ambulan na takarda. Leda tana riƙe danshi, su yi fumfuna, shaida ta lalace. Kuma ku daina tara mata dangi kowa da tambayarsa. Ta faɗa sau ɗaya, ki rubuta da kalmominta, ki sa kwanan wata.

Barista Danladi:
A dokar kare yara ta jihar Kaduna ta 2018, wadda ba ta kai 18 ba yarinya ce, gyaran da aka yi wa dokar hukunta laifuka ta jihar a 2020 kuma ya tsananta hukuncin fyaɗe. Ku kai wa 'yan sanda da rahoton likita a hannu, ku nemi lauyoyi mata na FIDA su raka ku. Kada a goge saƙonsa ko ɗaya a wayarta, a ɗauki hotonsu yadda lamba da lokaci za su fito. Sunansa kada ya hau Facebook, sai ya juya ya yi ƙararku kan ɓata suna. In aka zo da kuɗi da takardar sulhu, kada kowa ya sa hannu.

Wani Fada mai aikin dokar coci:
Ƙanwata, sannu. Ki gaya wa Baba cewa cocin ce da kanta ta ce a faɗa. Paparoma Faransis ya fitar da doka a 2019, aka sabunta ta a 2023: kowace dayosis dole ta sami wurin karɓar irin wannan ƙara, kuma Fada ko sista da suka ji labari wajibi ne su sanar. Sistar da ta ce a yi shiru ta saɓa wa dokar nan, ki sa wannan ma a takardarki.

Inda mutane ke ɓata hanya shi ne kai magana wurin furta zunubi. Abin da Fada ya ji a can ba zai iya faɗa wa kowa ba, ko da Bishop ne. Ke kina ganin kin kai ƙara, alhali babu abin da ya motsa. Haka ma maganar baka a bakin coci bayan Mas, iska ke ɗauka.

Ki rubuta wasiƙa: sunansa, ƙungiyarsa, wuri, ranaku gwargwadon abin da ta tuna, shekarunta, da wanda aka fara gaya wa. Abin da ba ta tabbatar ba ta ce ba ta tuna, kada a ƙara gishiri, domin kuskuren rana ɗaya shi lauyansa zai riƙe. Kwafi uku. Ɗaya ga ofishin Bishop na dayosis ɗin da abin ya faru, in a nan ne to Zariya. Ɗaya ga shugaban lardin ƙungiyarsa, domin shi ne uban gidansa kai tsaye. Na uku a buga miki hatimi da kwanan wata ki riƙe. Bishop yana iya janye masa izinin aiki a dayosis, a kuma nisanta shi da yaran yayin bincike. Tunda ba ta kai 18 ba, in binciken farko ya nuna alamar gaskiya sai maganar ta je Roma, ba a kashe ta a gida. Wa'adin ƙara shekara 20 ne daga ranar da ta cika 18. Ba mai ikon sa ku rantsuwar yin shiru, kuma shari'ar coci ba ta tsaya a madadin ta gwamnati. Coci ba ta da gidan yari.

Mai tambaya:
Na gode, Fada. To in na kai aka yi shiru fa?

Fadan:
Bayan mako biyu ki sake rubutawa, ki ambaci ranar da ke kan hatimin. In har yanzu shiru, ki aika duka biyun ga Akbishop na Kaduna, domin Zariya tana lardinsa, da jakadan Paparoma a Abuja. Danne ƙara laifi ne mai zaman kansa a dokar 2019, ko da Bishop ne ya danne.

Baba Katikis:
Kada ki tunkari mahaifinki ke kaɗai, kunya ce ke cinsa. Ki sami babban wansa ko dattijuwa ɗaya daga Zumuntar Mata mai riƙe sirri, su zauna da shi. Ɗaya na ce, ba taro ba. Su tambaye shi yara nawa suka rage a gidan nan, kuma wa zai yi musu Mas ranar Lahadi.