Sai mun nemi izinin 'yan sanda kafin mu fita kai kuka kan kwalbatin unguwarmu?

Maman Sadiƙ:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san doka.

Ni malamar firamare ce, ina zaune a wata unguwa a gefen birnin Kano. A bakin layinmu akwai kwalbatin da ya rufta, shekara uku ke nan. Da rani rami ne kawai, ana zuba shara a ciki, 'yan adaidaita suna kauce masa. Amma in damina ta zauna, ruwan unguwanni uku ta nan yake bi, ya shafe ramin har ba ka gane inda titi ya ƙare. Ranar Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe shida na yamma, yara suna dawowa daga Islamiyya, ruwa ya ja 'yar maƙwabciyata. Shekararta bakwai. Wani mai faci ne ya faɗa ya fizgo ta da hijabinta. A cinyata aka kwantar da ita ana danna mata ciki tana aman ruwan kwata, uwarta kuwa ta kasa ko kuka, sai salati take yi. Allah ya yi da sauran kwana. Takalminta ƙafa ɗaya har yau ba a gan shi ba.

Mun rubuta takarda sau huɗu. Mai unguwa ya sa hannu, liman ya sa hannu. Kullum amsar ɗaya ce, wai an tura sama.

To, mu mata mun zauna mun yanke shawarar za mu fita, mu kusan arba'in, mu taka da ƙafa zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma da kwalaye a hannu, mu miƙa takarda ta biyar ido da ido. Tafiyar ba ta wuce minti ashirin da biyar ba. Maigidana ya ce bai hana ni ba, amma sai mun samo takardar izini daga 'yan sanda, in ba haka ba kwashe mu za a yi. Surukata ta ce zanga-zanga ba aikin matan aure ba ne. Mata shida sun janye tun ranar da aka furta kalmar nan, kuma ban ga laifinsu ba, kowa ya ga abin da ya faru a Agustan 2024.

Tambayata: da gaske sai an ba mu izini? In muka nema aka hana mu, shi ke nan sai mu koma mu zauna har ruwa ya tafi da wani yaron?

Barista na Zoo Road:

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba yarinyar nan lafiya, ya saka wa mai facin nan da alheri.

A taƙaice, ba kwa buƙatar izini. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ki 'yancin faɗin ra'ayinki, sashe na 40 ya ba ku 'yancin taruwa cikin lumana. Maganar izini ta samo asali ne daga dokar zaman lafiyar jama'a ta 1979, wadda aka yi a ƙarshen mulkin soja na lokacin. Kuma a nan Kano aka yi abin da ya karya ta. A watan Satumban 2003, jam'iyyar ANPP ta yi gangami a garin nan kan zaɓen da ta ce an yi mata maguɗi, aka tarwatsa taron da barkonon tsohuwa bisa hujjar cewa ba su da izini. Chuba Okadigbo, wanda ya yi wa Buhari takarar mataimaki, yana wurin, kuma kwanaki kaɗan bayan nan ya rasu. Jam'iyyun adawa suka kai ƙara, lauya Femi Falana ya tsaya musu. Babbar kotun tarayya ta ba su gaskiya a 2005, sufeton 'yan sanda ya ɗaukaka ƙara, a Disambar 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta sake tabbatar da cewa sharaɗin neman izini ya saɓa wa kundin tsarin mulki.

Sannan dokar 'yan sanda ta 2020, a sashe na 83, ta ce idan kuka sanar da su za ku yi taro ko jerin gwano a kan titi, aikin jami'in da ke kula da yankin ne ya turo muku masu tsaro. Ki lura da bambancin. Sanarwa za ku kai, ba roƙo ba.

Abin da zan ba ku shawara: ku rubuta wa DPO na yankinku wasiƙa, ku faɗi rana, lokaci, hanyar da za ku bi, adadinku, da sunan mutum biyu masu jagora. Ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a kan ɗaya ku riƙe. Ranar fita wannan kwafin ya kasance a jakarki.

Amma ba zan ɓoye miki ba, 'yancin yana da iyaka. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi saboda tsaro, zaman lafiya ko haƙƙin wasu. Da shi aka kafa hujja a 2024 lokacin da wata kotu a Abuja ta ce masu zanga-zanga su tsaya a filin wasa na Moshood Abiola, ta Legas kuma ta keɓe musu filin Gani Fawehinmi da ke Ojota da wani fili a Ketu. Ni dai ban gamsu da irin waɗannan hukunce-hukuncen ba. Mai kuka in ka tura shi bayan gari inda wanda yake yi wa kukan ba zai ji ba, me ya rage? Don haka kada ku tare titi, kada ku ƙona taya, kuma abin da za ku rubuta a kwali ya tsaya a kan kwalbati. Kada a kira wani ɓarawo da suna, nan ne ake samun kafar kama mutum da ɓata suna.

Ɗan Kantin Kwari:

Barista, duk abin da ka faɗa a takarda yake. Ni abin da idona ya gani zan faɗa.

Ranar Alhamis 1 ga Agustan 2024 ni ma ina goyon bayan fita zanga-zangar tsadar rayuwa. Buhun shinkafa ya gagari talaka, mai ya tashi tun da aka ce an cire tallafi a Mayun 2023, wa zai ce kada a yi magana? Da safe lafiya lau aka fara. Kafin azahar wasu yara da sanduna da gorori sun shiga ciki, ba wanda ya san daga inda suka ɓullo. Aka fasa ginin hukumar sadarwa ta NCC da ko buɗe shi ba a yi ba, ana fita da kujeru da kwamfutoci a ka. Gwamna Abba ya sa dokar hana fita ta awa 24. Kwanaki shagona yana rufe, yaran shagona uku masu cin na yau da na yau suna kira na a waya babu abin sawa a tukunya. Ƙungiyar Amnesty ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a faɗin ƙasar, 'yan sanda suka musanta. Ko ma dai nawa ne, uwayensu ba su samu 'ya'yansu ba.

Sannan wa ya manta 1 ga Nuwamban 2024? Yara da aka kwasa daga Kano da Kaduna, wata uku a tsare, aka jera su a babbar kotun tarayya a Abuja kan tuhumar cin amanar ƙasa. Haƙarƙarinsu a waje, huɗu suka zube a gaban alƙali. Aka sa belin naira miliyan goma kowanne. Sai da duniya ta yi ca sannan shugaban ƙasa ya ce a sake su. A lokacin ba sashe na 40 a kundin ne?

Hajiya, ba raina kukanki na yi ba, wallahi labarin yarinyar nan ya taɓa ni, ina da mai shekarunta. Amma wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ku je gidan rediyo. A Kano abin da aka faɗa a shirin safe ya fi takarda goma saurin isa kunnen shugaba.

Baba Tsohon Ma'aikaci:

'Yata Maman Sadiƙ, ki gaishe min da surukarki, ki ce wani tsoho mai shekara 74 ya ce ta tuna da Hajiya Gambo Sawaba. Matar aure ce, 'yar Zariya, sau 16 ana ɗaure ta saboda ta tsaya a bainar jama'a ta yi magana. Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, talaka in ya ɗaga murya a gaban hakimi bulala ce da gidan yari. Mahaifina ɗan NEPU ne, na ga tabon ankwa a ƙafarsa. Kuri'ar da matan Arewa suke jefawa yau, ai ba daga sama ta faɗo ba.

Alhaji na Kwari, gaskiya ka faɗa, amma rabinta. Ni ina shataletalen Silver Jubilee a Janairun 2012 lokacin da Jonathan ya ɗaga litar mai daga naira 65 zuwa 141. Mun shimfiɗa tabarmi a kan kwalta cikin sanyin hunturu, matasa suka raɗa wa wurin suna Dandalin 'Yanci. In lokacin salla ya yi, Kiristoci su zagaye mu har mu sallame. An kore mu da tsakar dare da hayaƙi, haka ne, kuma daga baya an rasa rayuka a garin nan. Amma dole gwamnati ta sauko zuwa 97. Ba a gidan rediyo aka samu wannan ba.

Abin da ya fi damuna tun 2024 shi ne yadda mutanenmu suka koma ganin titi kamar gidan gwamnati, sai an yi sallama an ba ka izini za ka taka. Mace arba'in za su yi tafiyar minti ashirin da biyar a cikin unguwarsu saboda rami ya kusa cinye yarinya, har sai an zauna ana tunanin ko laifi ne. Wannan tsoron ya fi ramin haɗari a wurina.

Ki ji shawarata. Ku fita da hantsi, ranar aiki, ba Juma'a ba. Kada ku sa sanarwa a Facebook kafin ranar, nan ne 'yan ta-more suke jin ƙanshi. Ku ɗauki dattawa huɗu ko biyar su bi ku a baya, duk yaron da ya taho zai shiga, su san uban da ya haife shi su mayar da shi gida. Kada ku ɗauki tutar kowace jam'iyya. In kansila ya aiko da kuɗin ruwa a raba muku a hanya, kada hannun kowa ya taɓa.

Ɗan Kantin Kwari:

Baba, na karɓi gyara. In dattawa za su bi su kuma ba a yi shela ba, hankalina ya ɗan kwanta. Amma a haɗa da rediyon, a gayyaci ɗan jarida ko ɗaya ya tsaya a ƙofar sakatariya. In akwai makirufo a wurin, ba mai ce musu shugaba ya fita.

Barista na Zoo Road:

Na yarda da wannan. Ƙari ɗaya, Malama: in an tare ku a hanya, kada a yi musu ko ɗaga murya. Mutum ɗaya ta yi magana, ta nuna kwafin wasiƙar mai hatimi, sauran su tsaya a gefen titi. Ki turo min saƙo ta akwati, zan rubuta muku wasiƙar kyauta, kuma wayata za ta kasance a kunne ranar.

Maman Sadiƙ:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da daddare na karanta wa maigidana amsar Barista tun daga farko har ƙarshe. Ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya ce shi zai raka ni ofishin 'yan sanda mu kai wasiƙar, kuma yana cikin masu bin mu a baya.

Baba, na isar da gaisuwarka. Surukata ta ce ta san Gambo Sawaba, ta taɓa hango ta a wani taro a Zariya tana yarinya. Ba ta ce ta amince ba, amma ta ce in bar mata Sadiƙ da ƙanwarsa ranar.

Alhaji, ba zan yi maka ƙarya ba, maganar yaran kotun nan ta hana ni barci. Ɗana na fari shekararsa goma sha biyar. Mun yanke cewa ba wani saurayi da zai bi mu, ko ɗan waye. Cikin shidan da suka janye biyu sun dawo, huɗu sun ce za su sa hannu a takarda amma ba za su fita ba, mun ce hakan ma ya yi.

Mun tsayar da Laraba mai zuwa, ƙarfe goma. Na sayo kwali goma sha biyu da alƙalamin maka biyu. Uwar yarinyar ta ce ita ba ta son kwali, takalmin nan ƙafa ɗaya da ya rage shi za ta riƙe. Barista, a wasiƙar za mu sa sunayen dukkanmu ne, ko na mu biyu masu jagora ya isa?